Tukunyar da Ake Dafa wa Yaya

Yayata ba ta taɓa cin abinci ta yi shiru ba. Ko gidan rasuwa aka je aka miƙo mata kwano, sai ta kai loma ɗaya, ta ɗaga ido sama, ta ce albasar ta ƙone kafin a zuba nama. Ba wulaƙanci ba ne, haka Allah ya yi ta. Ita ya ba ta harshe mai jin duk abin da ke cikin tukunya, ni kuma da nake autar gidan ya ba ni baki marar linzami. Shekara da shekaru muka zauna lafiya da waɗannan kyaututtuka biyu, har ranar da suka yi karo.

Mahaifiyarmu ta kwanta jinya tun Yaya ba ta isa leƙa tukunya ba sai ta taka kujera. Mahaifinmu gadi yake yi a wani kamfanin katako, abin da yake shigowa da shi bai taka kara ya karya ba. Yaya ce ta ciyar da mu. Mahauci ya ba ta ƙashi ɗaya don tausayi, ta tafasa shi yau, ta sake tafasa shi gobe, ta jefa ɓawon lemon tsami da wani ganye da ta tsinko a bayan katanga, sai ka ga maƙwabta suna aiko tambaya ko baƙi muka yi. A gidanmu ba a zubar da abinci. Wanda ya bar loma a kwano, ita zai tarar tana jiransa da safe.

Ta auri wani direban babbar mota, mutumin kirki, ba a daɗe ba hatsari ya ɗauke shi, ya bar ta da ɗa ɗaya a goye. Ba ta zauna jiran dangi ba. Ta kafa rumfa a bayan kotu, benci biyu, murhu, da bokitin wanke hannu. Wanda ya ci shari'a ya zo ya yi murna, wanda aka kayar ya zo ya huce takaici, ita dai duk ciniki ne. Ni ina gefe da keken ɗinkina, in rana ta take in ajiye almakashi in taya ta wanke kwanuka. Lauyoyi suka fara da aiko masinja, daga baya suka ajiye girman kai suka zo da kansu, suna tattare riguna kada su taɓa ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ne ya ce mata wata rana, "Baiwar Allah, abincinki ya fi ƙarfin benci. Ina da baƙin da ba zan iya kawowa nan ba."

Maganar nan ta shiga kunnen Yaya ta ƙi fita. Ta ƙuntata wa kanta, ta daina sayen ko ɗankwali, har ta kama shago mai ƙofar gilashi a babban titi. Ni na ɗinka mata rufin tebur, farare tas, kamar yadda ta ce. Na ce, "Yaya, farin ƙyalle da miya fa ba sa ga maciji." Ta ce manyan mutane ba sa zubar da miya. To, ni da na yi shekaru ina wanke ƙyallayen nan ina iya rantsuwa sun fi direbobi zubarwa. Bambancin kawai, su ba sa cewa a yi haƙuri.

Daga nan abin ya yi ta hawa. Ta koyo abubuwan da ban san inda ta gano su ba. Faranti ya zama faffaɗa kamar faifai, abincin ya koma ɗan mitsitsi a tsakiya. Aka rage hasken fitila har sai mutum ya lalubo cokalinsa. Aka ɗauki mai buɗe ƙofa, aka sa wa masu kai abinci baƙin wando da farar riga, aka hana su sauri, aka hana su dariya da ƙarfi, aka koya musu ta wane gefe ake ajiye faranti ta wane ake ɗauka. Sai ka buga waya an ajiye maka tebur kafin ka zo, kai ka ce ganin likita za ka yi. Ta buɗe gida na biyu a layin bankuna. Baiwar Allah ta bayan kotu ta zama Hajiya, kuma wallahi ta cancanta, don ban taɓa ganin ta zauna ba sai in ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ita ce kasuwa tun da sassafe tana latsa kifi, ita ce zagaya tebura da yamma tana gaisawa da baƙi. Na yi alfahari da ita ba kaɗan ba. Ina faɗin wannan ne tun yanzu saboda sunan da aka laƙa min daga baya.

Doka ɗaya ce a kicin ɗinta, kuma duk wanda aka ɗauka aiki ita ake fara gaya masa: a gidan nan harshe ɗaya ne. Kuku ya yanka, ya soya, ya tafasa, amma gishirin ƙarshe da yaji da tsami ba huruminsa ba ne. Akwai babbar tukunya ta romon ƙashi da nama, wadda daga cikinta ake ɗiba a haɗa kowace miya ta gidan. A babban gida ake dafa ta, mota ta kai wa reshe nasa kason. Kullum da hantsi, kafin a buɗe ƙofa, Yaya za ta sauko daga ofishinta da ke sama, ta zaro dogon cokalinta daga jaka, masu girki su jeru hannu a baya. Ta ɗiba, ta hura, ta kurɓa, ta lumshe ido. Abin da ta ce a ƙara, a ƙara. Amsa ɗaya ce aka yarda da ita: "To, Hajiya." A shekarun nan ba ta taɓa kuskure ba, shi ya sa ba wanda ya ga aibin dokar.

Sai ta yi wani zazzaɓi mai haɗe da mura da ya kwantar da ita makonni. Ta tashi a rame, ta koma aiki tun ƙafarta na rawa. Ranar da ta fara saukowa, ta kurɓi romo ta ce lami ne. Aka ƙara gishiri. Ta sake kurɓa ta ce, "Rowar gishiri kuka koya da ba na nan?" Aka ƙara. Washegari ma haka, jibi ma haka. Ta ce gishirin zamani ba shi da ƙarfi, ta sallami mai kawo mata ta nemo wani. Ta ce barkonon bana ruwa ya yi masa yawa. Ta zargi mahauci, ta zargi tukunya, ta zargi ruwan famfo. Komai na garin ya lalace a wurinta, harshenta kaɗai ne bai taɓa zuwa mata a rai ba.

Akwai wani tsohon kuku da ke tare da ita tun rumfar bayan kotu. Shi ne ya yi ƙarfin hali wata safiya, da ta ce a ƙara, ya ce, "Hajiya, ai ya ji." Iyakar maganarsa ke nan. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce tunda ya yi harshen kansa, ya je ya buɗe nasa gidan. Kafin rana ta raba ya naɗe wuƙaƙensa a tsumma ya fita ta ƙofar baya. Sauran suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta, kowa ya shafa wa nasa ruwa.

Faranti suka fara dawowa kicin da abinci a ciki. Manyan mutane ba sa faɗa da mai abinci, sai dai su yi murmushi, su biya, su ƙi dawowa. A lokacin ɗan Yaya ya gama karatun kasuwanci ya dawo yana riƙe mata ofis. Kowa Manaja yake ce masa, har ni da na goya shi. Mutum ne mai ladabi da sanyin murya, irin wanda zai yanka ka yana yi maka sannu. Ba a jima ba ƙorafi ya ɗauke ɗif, tebura suka sake cika. Yaya ta ce, "Kun gani? Da ma tsayawa a kansu ake so."

Ni ma na yi hamdala. In na kawo wankakkun ƙyallaye nakan zauna a lungun kicin a zubo min, kuma na ji gishiri ya koma daidai. Abincin dai bai kai na da ba, akwai wani abu da ya ɓace wanda ban san sunansa ba. Na ce jinya ce ba ta gama sakinta ba, a hankali hannu zai dawo.

Wata rana na zo da wuri saboda ɗinki ya taru min a shago. Na shigo ta ƙofar baya da ƙunshin ƙyallaye a ka, daidai lokacin da Yaya ta gama ɗanɗano ta hau sama. Sai na ga babban kuku, wani zanƙalelen mutum da ake ce wa Dogo, shi da mataimakinsa sun kama kunnuwan babbar tukunya sun sauke ta, sun ja ta bayan ƙofa. Suka buɗe ɗakin ajiya suka fito da wata irinta sak, tana tururi, suka ɗora a kan wuta.

"Dogo, wannan fa?"

Ya kalle ni, ya kalli ƙasa. "Inna, ki tambayi Manaja."

Na sauke kaya, na ɗauki ludayi na ɗebi ta bayan ƙofa na kurɓa. Sai da idona ya kawo ruwa. Ga nama tsoka-tsoka a ciki, mai kyau, amma ko wanda ya kwana da yunwa ba zai iya haɗiye shi ba.

"Wa ke cin wannan?"

"Ba mai ci. Da mukan ba masu wanke-wanke, suka ce a bar shi. Yanzu a durom ɗin saura ake juyewa."

"Kullum?"

"Kullum, Inna."

Na sami Manaja yana leƙa firji. Na ce, "Kai, zo nan. Uwar taka kuke dafa wa tukunyar wasan yara?"

"Inna, rage murya don Allah."

"Ba zan rage ba."

"Inna, rufin asiri ne. Kin san Mama. In aka gaya mata, ko ta kori kowa, ko ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Mutum nawa ke ci a ƙarƙashin sunan nan? Ita hankalinta kwance, baƙi suna jin daɗi, ma'aikata suna riƙe da aikinsu. Wa aka cuta?"

"Ita aka cuta, ɗan nema. Ka kai ta asibiti mana, wataƙila abu ne mai magani."

"In ce mata me za mu je yi?"

"Ka gaya mata gaskiya."

Ya yi ɗan murmushin nan nasa. "Ke ce ƙanwarta, Inna. Bismillah, ga matakala nan."

Na ɗauka yana ganin ba zan iya hawa ba ne. Daga baya na gane ya san ni sarai, so yake in ba shi baya ya samu ya kawar da shaida.

Na sami Yaya a ofis, hotunanta da manyan baƙi sun cika bango, tana jujjuya samfurin farantin da za a saya wa sabon gidan abincin da take shirin buɗewa. Na rufe ƙofa, ko zama ban yi ba.

"Yaya, harshenki ya tafi."

"Me kika ce?"

"Tun zazzaɓin nan ba kya jin gishiri. Tukunyar da kike ɗanɗanawa ba ita ake ba mutane ba. Wata ake dafa miki daban, in kin hau sama a zubar."

Na san da wata ce da ta yi kwana-kwana, ta fara da gaisuwa da tambayar jiki. Ni ban iya ba, kuma a ganina wanda ake yi wa dariya a bayan ido ba doguwar gaisuwa yake buƙata ba. Yaya ta ajiye farantin a hankali ta ce, "Mu je."

Muka sauko. Tukunya ɗaya ce a kan wuta, wadda ta gyara da hannunta. Bayan ƙofa wayam, har an goge ƙasa. Ɗakin ajiya babu komai sai buhuna. Motar reshe ta riga ta fita, wai yau da wuri saboda cunkoso. Manaja na tsaye hannu a baya kamar ɗan makaranta.

"Innarku ta ce girkina ba ya ciyuwa," in ji Yaya. "Ta ce kuna da wata tukunya. Dogo?"

"Subhanallahi, Hajiya. Wace tukunya?"

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta miƙa wa Dogo cokalinta ta ce ya ɗanɗana. Ya ɗiba, ya kurɓa, ina kallon maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa. Hawaye ya taru masa.

"Ya yi daidai, Hajiya."

"Me ya sami idonka?"

"Albasa na yanka, Hajiya."

Ɗaya bayan ɗaya ta bi su da cokalin, daga masu suya har masu wanke-wanke. Kowa ya haɗiye ya ce ya yi daidai. Manaja ma sai da ya ƙara ɗiba, ya lashe leɓe ya ce, "Mama, ai na yau ya fi na jiya." Da aka zo kaina na kurɓa, na juya na tofar a wurin wanke kwanuka.

Yaya ta juyo ta dube ni.

"Auta," in ji ta, da murya ƙasa-ƙasa, gara ma a ce tsawa ta yi min. "Tun muna bayan kotu kike kan keken nan, ni na tafi na bar ki. Ban san abin yana cinki haka ba. Da kin faɗa, ai da na buɗe miki babban shago."

"Yaya, ni kike cewa ina miki hassada?"

"Ki bar ƙyallayen nan. Daga yau kamfanin wanki zai riƙa yi."

Na san wanzami ba ya son jarfa, amma ban taɓa zaton za ta zaɓi ƙaryar mutum goma a kan gaskiyar wadda suka sha nono ɗaya ba. Na fita ta ƙofar baya ina kuka wiwi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ba korar ce ta fi ƙona min rai ba. Mutanen nan da suka haɗiyi gishiri suna hawaye gida za su koma da sunan masu biyayya, ni kuma in koma da sunan 'yar baƙin ciki.

Haka kuwa aka yi. Magana ta zaga dangi kafin in isa shago. Wanda Yaya ta sa a makaranta, wadda ta kai asibiti, wanda ta samar wa aiki, duk suka ɗauke min ƙafa. In an yi taron dangi a gidanta ita ke shiga kicin da kanta, can kuwa babu Dogo babu tukunya ta biyu. Wata 'yar kawunmu ta ba ni labari tana ƙyalƙyala dariya, wai kowa da gorar ruwa yake zama a gefensa, ana ci ana santin ƙarya, yara kuma a cika musu ciki tun daga gida.

Na ce, "Ke kuma me kika ce mata?"

Ta ce, "Ni? Na ce Allah ya ƙara wa hannu albarka mana. Ke ba kya ganin 'ya'yan da ke gabana?"

Aka buɗe gida na uku a saman wani dogon bene, sai an shiga lif, gari duka a ƙarƙashin ƙafar mai cin abinci. Ba a gayyace ni ba. A wayar wata mai kawo min ɗinki na ga hoton Yaya riƙe da lambar yabo, an rubuta a ƙasa cewa duk abin da ya isa tebur a gidajenta sai ya bi ta kan harshenta. Manaja na gefenta yana tafi. Na mayar wa matar wayarta na ce ta ɗaga hannu in auna ta.

Kada a fahimce ni baibai, ban daina son Yaya ba. Haushinta nake ji, na ɗanta kuwa ninki. Amma in na tuna ta tana saukowa kullum da hantsi, ta lumshe ido a gaban tukunyar da za a zubar, mutane jere suna jira ta hau su kama aikinsu na gaske, sai abinci ya fita raina. Na yi ta aika mata saƙo a bakin mutane cewa ta ga likita. Amsar da aka dawo min da ita, wai hassada ga mai rabo taki ce. Daga nan na kama bakina, na kama kekena.

Shekaru suka shuɗe a haka. Wata rana da la'asar ina ɗinki, inuwa ta tare min haske a ƙofar shago. Na ɗaga kai zan ce a matsa, sai ga Yaya. Ba direba, ba sarƙa, tsohon zane da silifas, gwiwarta ɗaure da bandeji. Ta tsufa fiye da yadda hoto ke nunawa.

"Auta, ba ki da wurin zama ne?"

Na kwashe yadudduka daga kan benci. Ta zauna da ƙyar. Na kawo mata ruwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

Tana kallon bango ta ba ni labari. Daga wurin gashin gwiwa take, direbanta ya kai mota gyara, sai ta hau tasi. An haƙa gaban babban gida ana gyaran bututun ruwa, mai tasi ya sauke ta a lungun baya, inda ta yi shekaru ba ta taka ba. A bakin ƙofa ta tarar da wani dattijo yana ɗora durom a amalanke. Shi ke kwashe sauran abinci yana kai wa kajinsa da karnukansa. Da ya gan ta da tsohon zane, ya ɗauka cikin masu wanke-wanke take.

"Ya ce min, 'Iya, don Allah ki taya ni gaya musu su daina haɗa min da tukunyar tsohuwa. Kullum sai na roƙa. Kaji in sun ci sai su yi ta shan ruwa suna zawo, karnuka kuwa ko shinshinawa ba sa yi.' Na ce wace tsohuwa? Ya ce, 'Mai wurin mana. Ke sabuwa ce? Ai bakinta ya mutu tuntuni. Tata ake dafa mata daban ta yi wasa da ita, kamar yadda ake ba yaro gwangwani.' Har da dariyarsa, Auta. Ba mugu ba ne, hira kawai yake yi."

"Kika ce masa me?"

"Na ce zan gaya musu."

Ba ta shiga kicin ɗin ba. Ta juya ta fito titi, ta sake tsayar da tasi ta ce a kawo ta nan.

Na daɗe ina tanadin maganganun da zan faɗa mata a irin wannan rana. Na sha jera su ina taka keke, kowace da kaifinta. Ga ranar ta zo, ga Yaya a kan bencina, na nemi ko ɗaya na rasa. Ba ta ce in yafe mata ba, ni ma ban sa rai ba. Tausayinta ne ya kama ni, irin wanda ke sa mutum jin haushin kansa.

"Har mai kaji ya sani," ta ce. "Mai buɗe ƙofa ya sani. Direbana fa?"

"Kowa, Yaya."

Ta jinjina kai. Can ta ce, "Ke kin ci tukunyar Dogo."

"Na ci."

"Ke ba kya min ƙarya, shi ya sa na zo nan ban je wani wuri ba. Ta kai tawa? Ba ta yanzu ba, ta da."

Nan dai na sami abin da zan ba ta, na yi saurin miƙawa. "Ina! Ko kusa, Yaya. Gishiri daidai, yaji daidai, shi ke nan. Girkin mai tsoron kuskure ne. Taki in mutum ya haɗiye sai ya yi shiru yana jiran wani abu ya biyo baya, kuma ya biyo. Ta Dogo da ka haɗiye ta wuce, ba za ka ƙara tuna ta ba."

Na ɗauka daɗi za ta ji. Fuskarta ta ɗan saki, sannan na ga tana sake ɗaurewa a hankali.

"Ko kusa," ta maimaita.

"Ko kusa."

"Shekarun nan duka. Mutanen da na ƙarar da ƙarfina ina ciyarwa, masu kirana tebur su ce babu hannu irin nawa a garin nan. Babu ko ɗaya da ya ajiye cokali ya ce abincin nan ya canza?"

Na sunkuya na hau tsince zare a jikin keke.

"Auta."

"Da gishiri ya yi yawa sun gudu. Da ya koma daidai sun dawo. Ban ji wanda ya ce komai ba."

"Har ma suka ƙaru."

"Sun ƙaru, Yaya."

Ta kai kofin baki ta shanye ruwan, ta ajiye shi a ƙasa kusa da ƙafarta. A waje masu tashi daga aiki suna ta wucewa, wata ta leƙo tambayar ɗinkinta na ce ta dawo gobe. 

"Kada ki gaya wa kowa na zo," ta ce. "Kada yaron nan ya ji na sani."

"Haba Yaya! Gobe kuma sauka za ki yi ki ɗanɗana?"

Ta dafa kekena ta miƙe, tana cije leɓe saboda gwiwa.

"In ban sauka ba, ina zan je?"

Na raka ta bakin titi na tsayar mata da tasi, na riƙe ƙofa har ta ja ƙafar mai ciwo ciki. Ta ce wa direban ya kai ta gida. Sai kuma ta ce ya hanzarta, tana so ta canza kaya ta wuce gidan sama, an kusa buɗe wa baƙin yamma kuma suna son ta zagaya tebura a gaisa.